Tunawa Da B. J. Palmer, Malamin Masu Gyaran Ƙashin Baya

Duk wanda ya taɓa sunkuyawa zai ɗauki buhu ko bokitin ruwa, ya ji ƙugunsa ya riƙe har ya kasa miƙewa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ciwon baya ba. Ɗan dako ya san shi, tela da ke wuni a kan keke ya san shi, haka direban babbar mota da uwargida mai daka da wanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane gudanar da harkokinsu na yau da kullum.

A Amurka da wasu ƙasashen Turawa akwai wata sana'a da ta yi suna wajen duba irin wannan ciwo, wadda ake kira kairofraktik. Masu ita ba sa tiyata, galibinsu kuma ba sa rubuta magani. Hannu suke sa wa su danna gaɓoɓin ƙashin baya har a ji sun yi ƙara. A wannan wata mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ya fi kowa ɗawainiya da wannan sana'a, watau marigayi Bartlett Joshua Palmer, wanda aka fi sani da B. J. Mahaifinsa ne ya ƙirƙiro ta, amma shi ne ya shafe shekara 55 yana shugabancin makarantar da ta yaɗa ta a duniya. Tarihinsa yana da abin yabo, yana kuma da abin zargi, za mu kawo duka biyun domin mai karatu ya auna da kansa.

Yadda abin ya faro

Mahaifin nasa, Daniel David Palmer, haifaffen Kanada ne, an haife shi a 1845. Da ya ƙaura Amurka ya taɓa sana'o'i iri-iri, ya yi koyarwa, ya yi kiwon zuma, ya sayar da kayan masarufi. Daga baya ya zauna a garin Davenport na Jihar Iowa, a bakin kogin Misisifi, yana ba da wani irin magani da ake yayi a zamanin, inda mai magani kan ɗora hannu a jikin majiyyaci, wai yana zuba masa ƙarfin maganaɗisu. Bai yi karatun likita ba, sai dai mutum ne mai yawan karance-karance a kan jikin ɗan Adam.

A ginin da ofishinsa yake akwai wani baƙar fata mai kula da shara da tsabtar wurin, sunansa Harvey Lillard, wanda kunnensa ba ya ji sosai. Kamar yadda Palmer da kansa ya ba da labari, Lillard ya gaya masa cewa shekara 17 da suka wuce ya sunkuya yana aiki, ya ji wani abu ya ɓalle a bayansa, daga nan jinsa ya ragu. Palmer ya laluba, ya ji wata gaɓa ta ɗan turo, ya danna ta da ƙarfi, ya ce jin mutumin ya dawo. Ranar 18 ga Satumba, 1895, ita ce masu wannan sana'a suka ɗauka a matsayin ranar da abin ya faru, kuma ita suke tunawa da ita duk shekara. Wani limamin Kirista mai suna Samuel Weed ne ya taimaka wajen raɗa mata suna daga kalmomin Girkanci guda biyu, ma'anarsu abin da aka yi da hannu.

Likitoci sun daɗe suna jayayya da wannan labari, domin jijiyar ji a cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta gadon baya. Amma shi Palmer sai ya gina babban ra'ayi a kansa. Ƙashin bayan mutum yana da gaɓoɓi 24 masu motsi: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu. Laka tana bi ta tsakiyarsu, jijiyoyi kuma suna fita ta tsakaninsu zuwa sassan jiki. Palmer ya ce idan gaɓa ta goce sai ta danne jijiya, ta tare hanyar wani ƙarfi na halitta da ke tafiyar da jiki, daga nan cuta ta taso. Har ya yi iƙirarin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga nan suke. A 1897 ya fara koya wa wasu 'yan tsirarun ɗalibai a Davenport.

Yaron da ya gaji bashi

An haifi B. J. a 1882 a wani ƙaramin gari mai suna What Cheer a Jihar Iowa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyu, ya tashi a hannun uba mai zafi da matan uba. Bai yi nisa a makarantar boko ba. Yana saurayi ya bi masu wasan nishaɗi da ke yawo gari-gari suna tara jama'a, kuma a nan ne ya koyi yadda ake riƙe hankalin taro, abin da ya amfane shi har ƙarshen rayuwarsa. Lokacin da aka danna bayan Lillard shekararsa 13.

A farkon 1902 ya kammala karatu a wurin mahaifinsa. Cikin wannan shekara ce uban ya tattara ya tafi Kalifoniya, ya bar wa yaro ɗan shekara ashirin makaranta da tarin bashi. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to shi B. J. har da masu bin bashi ya gada. Sai ya ɗaure, ya riƙa buga talla a jaridu, yana karɓar marasa lafiya, yana neman ɗalibai, har makarantar ta farfaɗo. A 1904 ya auri Mabel Heath, a 1905 kuma aka mai da makarantar wani gida a kan tudun titin Brady, inda take har yau.

Uban ya dawo sun ci gaba tare, amma zaman bai yi daɗi ba. A 1906 kotu ta sami tsohon da laifin yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Ya ƙi biyan tara, aka kulle shi, ya yi kwana 23 kafin a biya ya fito. Bayan fitowarsa suka raba gari da ɗan nasa, ya karɓi kuɗin kasonsa ya yi yamma, ya kafa wasu makarantu a Oklahoma da Oregon. Daga wannan shekara ragamar Makarantar Palmer ta koma hannun B. J. ɗungurungum.

Tsakanin kotu da kurkuku

A wancan zamani jihohin Amurka suna ta tsaurara dokokin aikin likita, saboda haka duk wanda ya buɗe ɗakin gyaran baya yana iya kwana a hannun hukuma. B. J. ya gane cewa in ba a haɗa kai ba, ɗaya bayan ɗaya za a gama da su. A 1906 ya jagoranci kafa ƙungiya wadda kowane ɗan sana'a zai riƙa zuba kuɗi a cikinta, in an kama shi a ɗaukar masa lauya.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninta. A 1907 an gurfanar da wani ɗan Japan da ya yi karatu a Makarantar Palmer, Shegataro Morikubo, a garin La Crosse na Jihar Wisconsin. Lauyan da aka ɗauka, Tom Morris, ya kafa hujja da cewa wannan sana'a daban take, tana da nata ra'ayin da nata hanyoyin, don haka ba a iya tuhumar mai yin ta da satar sana'ar wasu. Aka sallami Morikubo. Wannan nasara ta sa B. J. ya ƙara riƙe ra'ayin mahaifinsa gam, domin ya ga shi ne garkuwarsu a gaban alƙali. Abin da ya cece su a kotu, shi ne kuma daga baya ya zame musu ƙarfen ƙafa a fagen ilmi, kamar yadda za mu gani.

Duk da haka kame bai tsaya ba. Da yawa daga cikin almajiransa sun gwammace zaman kurkuku a kan biyan tara, domin jama'ar gari su tausaya musu su matsa wa 'yan majalisa. Jihar Kansas ce ta fara yin dokar amincewa da sana'ar a 1913, sauran jihohi suka biyo baya sannu a hankali.

Makaranta ta cika

Inda B. J. ya fi ƙwarewa shi ne tara ɗalibai da sa musu kishin abin da suke koyo. Mutum ne mai dogon gashi da gemu, mai ƙarfin murya, wanda kan tashi tun da asuba ya hau keken rubutu. Ya rubuta littattafai masu yawa, waɗanda almajiransa ke kira korayen littattafai saboda launin bangonsu. Makarantar tana da maɗaba'arta, kuma ya sa aka rubuta gajerun kalaman jan hankali a bangayen gine-ginenta ciki da waje. Ya tara ƙasusuwan baya masu nakasa iri-iri domin ɗalibi ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Kowace shekara kuma tsofaffin ɗalibai kan hallara a Davenport domin babban taro, su ji sabon abin da malam ya zo da shi.

Ba za mu manta da uwargidansa ba. Mabel ta kammala karatu a makarantar a 1905, ta je Chicago ta ƙaro ilmin sassan jikin ɗan Adam, ta dawo ta koyar da shi fiye da shekara talatin. A 1918 ta wallafa littafi a kan wannan fanni domin ɗalibanta. Idan mijin ya yi zafi ita ce mai sanyaya al'amura, ita kuma ta riƙe kuɗin makarantar a shekarun farko. Ta rasu a 1949.

A 1910 B. J. ya sayo na'urar ɗaukar hoton ƙashi, watau eksire, ya shigar da ita cikin karatu. Abin lura, shekarar da aka gano wannan haske a Jamus, 1895, ita ce shekarar da mahaifinsa ya fara sana'ar. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya tsofaffin sojoji suka yi ta tururuwa zuwa makarantar, har ɗalibanta suka haura dubu a farkon shekarun 1920. Karatun a lokacin wata 18 ne.

A 1922 ya sayi tashar rediyo mai suna WOC, ya kafa ta a makarantar. Da yake tashoshi ba su da yawa a lokacin, akan kama ta a wurare masu nisa, shi kuwa yakan yi amfani da ita wajen yi wa jama'a bayanin sana'arsa da labarin tafiye-tafiyensa. A wannan tasha ce wani saurayi ya sami aikin sharhin wasan ƙwallo a 1932, sunansa Ronald Reagan, wanda ya zama Shugaban Amurka daga 1981 zuwa 1989. A 1949 kuma gidan Palmer ya buɗe tashar talbijin a Davenport.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Tun da wuri masu sana'ar suka rabu gida biyu. Ɓangaren B. J., da ake kira masu zalla, sun ce aikinsu kawai su mai da gaɓar da ta goce, ba ruwansu da binciken sunan cuta ko wani magani. Ɗaya ɓangaren, masu haɗawa, sun ga babu laifi a haɗa da tausa da gashi da motsa jiki da gyaran abinci, a kuma koyi gano cuta kamar yadda likitoci ke yi. A 1906 wani ɗalibinsu, John Howard, ya fita ya kafa tasa makarantar mai suna National, wadda ta koma Chicago ta zama cibiyar masu haɗawa.

Tsakaninsa da mahaifinsa kuwa abin ya kai ga baƙar gaba. Tsohon ya yi ta sukar ɗan nasa a rubuce, yana cewa ya ɓata masa sana'a. A watan Agusta, 1913, ya zo Davenport lokacin jerin gwanon tsofaffin ɗalibai, aka yi hatsaniya a kan wanda zai shige gaba. A watan Oktoba na shekarar ya rasu a Los Angeles, takardar likita ta nuna zazzaɓin taifot ne ajalinsa. Sai abokan hamayya suka yaɗa cewa B. J. ya buge uban da mota a wajen jerin gwanon. An kai magana gaban hukuma, ba a same shi da laifi ba, amma zargin ya bi shi shekara da shekaru.

Babbar ɓaraka ta zo a 1924. A taron shekara B. J. ya fito da wata na'ura mai suna Neurocalometer, wadda ke auna bambancin zafi a gefe biyu na ƙashin baya, wai ta haka za a gane inda jijiya ta danne. Ya ce duk wanda ba ya aiki da ita bai cika ɗan sana'a ba. Ga shi kuma ba sayar da ita ake yi ba, haya ake bayarwa da tsada ƙwarai, kuma daga wurinsa kaɗai ake samu. Mutanen da suka shiga kurkuku saboda shi suka ga kamar malam ya mai da su saniyar tatsa. A 1926 manyan malamansa huɗu suka fice, suka kafa Kwalejin Lincoln a Indianapolis. Ƙungiyar da ya kafa ma ta juya masa baya, sai da ya sake kafa wata. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ɗaliban da suka haura dubu sun koma 'yan ɗaruruwa.

Bai karaya ba. A shekarun 1930 ya fito da sabon ra'ayi, cewa gaɓoɓi biyu na can saman wuya su kaɗai ne tushen matsala. A 1935 ya buɗe ɗakin bincike inda ake rubuta bayanin kowane majiyyaci kafin aiki da bayansa. Ya ci gaba da koyarwa da rubutu har tsufa, ya rasu ranar 27 ga Mayu, 1961, a garin Sarasota na Jihar Fulorida, yana da shekara 78.

Inda ya kauce

Tunawa da mutum ba ta hana faɗin gaskiya a kansa. B. J. ya rayu a zamanin da likitoci suka tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo tarin fuka da kwalara da taifot, amma ya ƙi yarda cewa su ne tushen cuta. Shi da mahaifinsa duk sun yi adawa da allurar riga-kafi, kuma wannan aƙida ta daɗe a cikin wasu almajiransa. Tarihi ya yanke hukunci a nan, domin riga-kafi ne ya kawar da agana daga doron ƙasa, aka ba da sanarwar haka a 1980. Babu wanda ya taɓa korar ƙyanda ko shan inna da danna baya.

Abu na biyu ya fi taɓa mu. Mutumin da aka fara wannan sana'a a bayansa baƙar fata ne, amma Makarantar Palmer, a ƙarƙashin B. J., ta shafe shekaru tun daga wajejen 1920 har zuwa wajejen 1950 tana ƙin ɗaukar baƙaƙen fata. Ke nan da jikan Lillard zai zo neman karatu a waɗannan shekaru, da an mai da shi daga bakin ƙofa. Baƙaƙen da suka shiga sana'ar a lokacin a wasu makarantu suka yi karatu. Lillard ya rasu a Seattle a 1925, kuma sai a 1981 baƙaƙen fata masu wannan sana'a a Amurka suka kafa ƙungiyarsu.

Abin da ya biyo bayansa

Ɗansa tilo, David Palmer, shi ya gaje shi. Ya yi karatun harkokin kasuwanci, kuma ya ɗauki hanyar da uban bai ɗauka ba. Ya mai da makarantar kwaleji, ya fitar da ita daga dukiyar iyali ya danƙa ta ga kwamitin amintattu, ya kuma ɗaga matsayin karatu. Ya rasu a 1978.

Faɗa da likitoci ya ci gaba. A 1963 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamiti na musamman domin daƙile sana'ar, ta kuma hana mambobinta hulɗa da masu ita. Duk da haka a 1974 Jihar Louisiana, wadda ita ce ta ƙarshe, ta amince da ba su lasisi. A 1976 Chester Wilk da wasu abokansa suka kai ƙungiyar likitocin ƙara, a 1987 alƙaliya Susan Getzendanner ta yanke cewa ƙungiyar ta karya doka da wannan ƙauracewa. Sai dai ta bayyana cewa hukuncinta bai shafi ingancin sana'ar ba, wannan aikin masu bincike ne.

To, me masu binciken suka gano? A kan ciwon ƙugu na yau da kullum, danna gaɓoɓin baya yana kawo sauƙi matsakaici, kwatankwacin abin da ake samu daga motsa jiki ko gashin ƙashi na asibiti. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ƙarar da ake ji kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka ja yatsanka, ba alama ce ta cewa ƙashi ya koma mazauninsa ba.

A kan sauran cututtuka labari ya sha bamban. Wani gwaji da aka yi a Kanada a kan yara masu asma, wanda aka buga a 1998, ya nuna danna baya bai ƙara musu komai ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ingila ta fito fili ta ce babu hujjar bincike da ke nuna gocewar gaɓa ce ke haddasa cututtuka. Watau jikokin sana'ar da kansu suka ajiye ginshiƙin da Palmer uba da ɗa suka dogara a kansa, ko da yake har yanzu akwai masu riƙe da tsohon ra'ayi.

A nan ne muke ganin ainihin gadon B. J. Palmer. Ra'ayinsa ya sha ƙasa, na'urarsa ta koma kayan tarihi, amma makaranta ta tsaya. Da sana'ar ta zauna a matsayin sirrin gida, uba ya raɗa wa ɗa a kunne, da babu mai iya auna ta balle ya gyara ta. Da yake ya sa ta cikin aji, ya rubuta ta a littafi, ya nema mata doka, sai na baya suka sami abin dubawa, suka ga kurakuransa suka rage su. Karatun wata 18 ya koma na shekaru. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta nemi aƙalla awa 4,200 na karatu a gaban malami ga wanda zai fara daga tushe. A nahiyarmu an fara koyar da sana'ar a Durban ta Afirka ta Kudu a 1989, daga baya aka buɗe a Johannesburg.

Abin da ya shafe mu

Ƙwararrun wannan sana'a ƙalilan ne a Afirka ta Yamma, amma masu taɓa ƙashi da hannu ba baƙi ba ne a wurinmu. Kusan kowace unguwa ta Hausawa ta san mai ɗorinta, wanda galibi daga ubansa ya gada, kamar yadda B. J. ya gada. Aikinsu ya bambanta, domin mai ɗori karaya da targaɗe yake dubawa, amma jarrabawar da ke gabansu iri ɗaya ce: sanin iyaka. Mai ɗorin kirki shi ne wanda zai ga karayar da ta fasa fata, ko hannun da ya fara baƙi saboda matsewar ɗauri, ya ce a garzaya asibiti. Haka nan mai gyaran baya na kirki. Duk wanda ya ce maka hannunsa na maganin hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa gaba ɗaya, to kuskuren Palmer yake maimaitawa, sai ka riƙe kuɗinka.

Yawancin ciwon ƙugu yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni, kuma likitoci sun ce ci gaba da ɗan motsi ya fi kwanciya wuri ɗaya. Amma akwai alamun da in an gan su, kada a bari kowa ya danna bayan sai likita ya duba:

Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko tari mai daɗewa. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma danna irin wannan ƙashi na iya jawo shanyewar ƙafafu.

Ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya daina jin taɓawa a tsakanin cinyoyinsa. Wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota ko babur.

Ciwon baya ga tsoho mai raunin ƙashi, ko mai sikila, ko wanda aka taɓa samu da ciwon daji, ko ƙaramin yaro.

Murɗa wuya da ƙarfi kuma yana buƙatar ƙarin hattara. Ba kasafai ake samun matsala ba, amma an sami waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an yi musu, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa gaya wa majiyyaci wannan kafin a taɓa wuyansa. Idan mutum ya ji jiri, ko ganinsa ya rikice, ko harshensa ya yi nauyi bayan an murɗa masa wuya, a kai shi asibiti nan take.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Amurka ko Ingila za su ga ɗakunan masu wannan sana'a a manyan titunan garuruwansu. Wanda zai shiga ya tambayi lasisi, ya tambayi sau nawa zai zo, ya kuma yi hattara da mai neman a biya kuɗin watanni tun kafin a ga sauƙi. Idan an yi 'yan makonni babu canji, a koma wurin likita.

Ga masu sana'ar gado a cikinmu kuwa, ko ɗori ne, ko wanzanci, ko unguwarzoma, muna ganin tarihin wannan Bature yana da abin ɗauka. Yaro ne maras uwa da bai yi nisa a boko ba, ya karɓi sana'ar uba da bashi a kanta, ya mai da ita abin da ake koyarwa a ƙasashe da dama. Inda ya buɗe ƙofa aka shigo aka koya, sana'ar ta ci gaba. Inda ya rufe kunnensa ga gyara, ya kuma rufe ƙofa ga baƙar fata, ya jawo mata asarar shekaru. Muna fata dattawanmu masu irin wannan baiwa za su bar 'ya'yansu su haɗa ta da karatun asibiti, su kuma yarda a rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.